Tarin Kyanwa A Farkon Hunturu: Ba Kullum Ne Ƙayar Kifi Ba

   

Na san wata za ta ga kan maganarmu ta wannan wata ta riƙe baki ta ce, "To fa! Malama ta rasa abin rubutawa, yau kuma kan kyanwa aka koma?" Ki yi haƙuri 'yar'uwa ki biyo ni a hankali, domin kuwa maganar za ta faro ne daga kyanwa, amma kafin mu rabu za ki ga ta zagayo har bakin gadon ɗanki.

Mu nan ƙasar Kabi mussa muke ce mata, Kanawa su ce mage, a littafi kuma a rubuta kyanwa. Kowane suna kika kira ta da shi, da wuya ki shiga gida biyar a jere a nan Ambursa ba ki tarar da ita ba. Dalili kuwa a fili yake. Gari ne na manoman shinkafa, kuma duk inda aka jibge buhuna ko aka cika rumbu, to ɓera ya samu gidan zama. Saboda haka kyanwa a wurinmu ma'aikaciya ce, sai dai ma'aikaciyar da ba wanda yake tambayar lafiyarta.

Zan fara da tona asirin kaina. Shekara shida ke nan da na kashe kyanwa da hannuna, ba tare da na san na yi ba. Wata tsohuwar kyanwa ce da muke da ita, ta kwana biyu ba ta cin abinci, jikinta da zafi, tana kwance a gindin randa. Tausayi ya kama ni, na ɗauko Panadol na raba ƙwaya biyu, na daka rabi na zuba a madara na ɗura mata. Da gari ya waye sai na ga fuskarta ta kumbura, tafin ƙafafunta ma haka, dasashinta ya koma launin ƙasa, tana numfashi da ƙyar. Kafin la'asar ɗin washegari ta mutu. Na ce kwananta ne ya ƙare, yara suka haƙa rami a bayan gida suka binne ta, na ci gaba da harkokina. Sai a bana na san ainihin abin da ya faru, kuma wallahi ranar da na sani ban iya cin abincin dare ba.

Ga yadda aka yi na sani. A watan Afrilu kyanwar surukata ta haihu a ɗakin ajiya, 'yata ta biyu mai shekara bakwai ta maƙale sai an ba ta ɗaya, wata 'yar fara mai baƙin kunne. Tun daga nan ba su rabuwa. In ta dawo daga makaranta, kafin ta cire hijabi sai ta nemo ta. Damina ta zo ta wuce lafiya lau, kyanwa ta yi ɓul-ɓul. Muna shiga watan Nuwamba sai ta fara wani irin tari. Sai ta durƙusa ta miƙa wuya ƙasa-ƙasa, ta yi ta kakari kamar za ta fitar da wani abu, amma ba abin da yake fitowa. Wani lokaci kuma ta yi amai alhali ba ta ci komai ba. Da an jima ta miƙe ta ci gaba da wasa kamar ba ita ba.

Surukata tana gani ta yanke hukunci. "Ƙayar kifi ce ta maƙale mata, 'yar nan. Ki ɗura mata man ja, za ta wuce." Ba za ki ga laifin Inna ba, don duk wanda ya tashi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, inda kan kifi da ƙayarsa su ne abincin kyanwa na yau da kullum, abin da zai fara zuwa masa ke nan. Maƙwabciyata kuma ta ce ƙurar hunturu ce ta sa mata mura, in ba ta rabin Panadol. Ita kuwa yarinya tana gefe tana hawaye tana cewa, "Umma, ki ba ta magani mana, ba ke kike ba mu ba?" Har na buɗe kwandon magani, sai Allah ya sa na tuna ƙanin maigidana da ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Na ce bari dai in buga masa waya, ko da zai yi mini dariya.

Bai yi dariya ba. Ina ambaton Panadol ya katse ni, "Anti, don girman Allah ki mayar da shi inda kika ɗauko." Ya ce hantar kyanwa ba ta da abin da hantar mutum take amfani da shi wajen narkar da farasitamol, don haka maganin yakan juye ya zama guba a jikinta, ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe babbar kyanwa, balle ƙarama. Da ya fara lissafa mini alamomin, kumburin fuska, kumburin ƙafa, dasashi ya koma launin ƙasa, sai na ji jikina ya yi sanyi. Ban ce masa komai ba a lokacin.

Daga nan ya yi mini tambayoyi biyu da ban ga haɗinsu da tari ba. Ya ce, da damina a ina take kwana? Na ce a tsakar gida, kan buhunan da ke rumfa. Ya ce, akwai karnuka a unguwar? Na ce mu dai ba mu da kare, amma ga na mafarauta a bayan layinmu, ga kuma na Fulanin da suke sauka a bakin fadama. Sai ya ce, "To Anti, abu uku ne suka fi sa ƙaramar kyanwa irin wannan tari. Ko asma, ko tsutsar ciki da take ratsawa ta huhu, ko kuma tsutsar zuciya. Ta ukun nan ita ce mutane ba su sani ba, kuma sauro ne yake kawo ta."

Abin da ya bayyana mini, da abin da na bi na karanta daga baya, shi zan ɗan warware miki.

Tsutsar zuciya wata farar tsutsa ce siririya, kamar silin taliya. A littattafan likitoci sunanta Dirofilaria immitis, kuma wani masani a birnin Filadelfiya ta Amurka mai suna Joseph Leidy ne ya yi bayaninta tun a shekarar 1856. Macen tana iya kai tsawon santimita 30, wato tsawon rular da yaranmu suke zuwa da ita makaranta. Asalin gidanta jikin kare ne. A can take zama cikin babbar jijiyar da take kai jini daga zuciya zuwa huhu, da kuma ɓangaren dama na zuciyar, ta yi shekara biyar zuwa bakwai tana zuba 'ya'ya a cikin jini, ƙanana ƙwarai waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Kare ɗaya yana iya ɗaukar manyan tsutsotsi gommai yana yawonsa. Ana samun ta a ƙasashe masu ɗumi a faɗin duniya, kuma likitocin dabbobi a nan Najeriya ma sun sha ganin ta a jinin karnuka.

To idan sauro ya ciji irin wannan kare, sai ya zuƙo 'ya'yan tsutsar tare da jini. Su yi kamar kwana goma zuwa sati biyu a cikin sauron suna girma, kuma zafi irin namu shi suke so. Daga nan duk dabbar da sauron ya sake cizo, sai su bi ta ramin cizon su shige. Kin ga ke nan ba sai kina da kare a gida ba. Katanga tana tare kare, amma ba ta tare sauro.

Jikin kyanwa ba gidan wannan tsutsa ba ne, kuma a nan ne abin mamakin yake. Za ki ɗauka hakan alheri ne gare ta, amma ta wani gefen shi ne masifar. 'Ya'yan tsutsar sukan yi wata uku zuwa huɗu suna tafiya a ƙarƙashin fata da cikin tsoka kafin su isa jijiyoyin huhu. Suna isa, garkuwar jikin kyanwa sai ta taso musu da yaƙi, mafi yawansu su mutu a nan. Wannan yaƙin shi ne yake kumbura huhu da hanyoyin numfashi, sai ki ga tari da haki da amai kamar mai asma. Waɗanda suka tsira suka girma ba su cika wuce ɗaya zuwa uku ba, su rayu shekara biyu zuwa uku. Amma ki tuna girman zuciyar kyanwa, ba ta wuce ƙaramin goro ba. Ranar da babbar tsutsa ɗaya ta mutu a ciki, gawarta tana iya toshe jijiya, kyanwar da take wasa da safe a tsince ta a mace da rana. Sau nawa muka ji an ce wai maƙwabta ne suka sa wa kyanwa guba, har aka daina gaisawa a kan haka?

Yanzu ki yi lissafin nan tare da ni, don shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ruwan sama ya fi ƙarfi a wurinmu a watan Agusta, lokacin da fadamar gulbin Rima take cika, sauro ya yi yawa har mutum ba ya iya zaman tsakar gida bayan magariba. Ki ƙirga wata uku zuwa huɗu daga Agusta. Kin faɗo Nuwamba da Disamba, daidai lokacin da hunturu yake shigowa da ƙura da hazo. Ashe tarin da muke ɗora wa sanyi, yana iya zama cizon sauron damina ne da muka riga muka manta da shi. Kuma 'yar kyanwar da aka haifa da bazara, wannan ita ce daminarta ta farko, shi ya sa za ki ga abin a jikin mai wata bakwai ko takwas. Bugu da ƙari, mu nan sauro ba ya tafiya hutu gaba ɗaya. Tun da noman rani ya bunƙasa, musamman bayan shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a shekarar 2015, ruwa yana kwance a gonaki kusan duk shekara. Mun gode Allah da shinkafar, amma ta zo da maƙwabcinta.

Kada kuma wata ta ce tata kyanwar ba ta fita waje. A Amurka, inda suke kulle kyanwa a ɗaki kamar amarya, da aka duba waɗanda aka samu da wannan cuta sai aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ba sa fita ko ƙofar gida.

Tambayar da na san tana cin ranki ita ce wadda ni ma na fara yi: yarinyar da take rungumar kyanwar nan dare da rana, za ta ɗauka? Ki kwantar da hankalinki. Ba a ɗaukar ta ta hanyar taɓawa, ko tari, ko yawu, ko cin abinci. Sai ta bakin sauro kawai. Kuma da wuya a samu 'ya'yan tsutsar suna yawo a jinin kyanwa, don haka ita ba ta cika zama hanyar yaɗuwa ba, abin daga kare yake tasowa. Mutum ma sauro yakan sa masa ita jefi-jefi, amma ba ta iya girma a jikinmu. Takan mutu ta bar ɗan tabo a huhu mai kama da kwabo, wanda galibi sai an yi hoton ƙirji don wani dalili daban ake ganinsa. Saboda haka ba dalilin da zai sa a kori kyanwa ko a sa almajiri ya kai ta daji ya yar.

Sai dai fa tana da 'yar'uwa wadda ita mu take nema, kuma mun san ta sarai. Ita ce tsutsar da take kawo tundurmi, wato kumburin ƙafa da yake sa ƙafar mutum ta koma kamar turmi, da kuma wani nau'in gwaiwa a jikin maza. Dangi ɗaya ne da tsutsar zuciya, hanyarsu ɗaya, kuma a ƙauyukanmu sauron da yake kawo zazzaɓin maleriya shi ne dai yake ɗauke da ita. Sau da yawa tun mutum yana yaro yake ɗauka, ba za a ga kumburin ba sai ya girma. Wannan ne ya sa aka sha bin gidaje a jihar Kebbi ana raba ƙwayar Mectizan tare da maganin tsutsar ciki, ana auna tsayin mutum da sanda kafin a ba shi. Da yawa daga cikinmu mun karɓa mun jefa bayan gado, wasu ma suka ce ai lafiyarsu ƙalau, me za su yi da magani? A jihohin Filato da Nasarawa, inda aka dage da shan maganin shekara da shekaru aka kuma haɗa da kwana cikin gidan sauro, a shekarar 2017 aka sanar cewa an shawo kan cutar. Ke nan abu ne mai yiwuwa.

Wani abin sha'awa, sinadarin da yake cikin Mectizan, wato ivermectin, asalinsa maganin dabbobi ne. Wani masani ɗan Japan mai suna Satoshi Omura ne ya samo ƙwayar halittar da ake yin sa da ita daga cikin ƙasa, shi kuma William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka mayar da ita magani. A 1981 aka fara sayar da shi don dabbobi, a 1987 kamfanin ya fara bayar da shi kyauta don mutane, a 2015 kuma aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel. Kuma shi ne ɗaya daga cikin magungunan da ake yi wa kare da kyanwa rigakafin tsutsar zuciya da su.

To a nan nake so ki buɗe kunne, don na san halinmu. Wata tana jin haka za ta ce alhamdu lillahi, ai ina da ragowar Mectizan a kwano, ko kuma maigida yana da kwalbar allurar shanu, bari in ɗan ɗiga mata. Kul! Abin da kyanwa mai nauyin kilo biyu take buƙata a wata guda bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na miligiram ɗaya ba. Ƙwayar Mectizan guda tana da miligiram 3, wato ta ninka abin da ake buƙata sau 60. Allurar da ake yi wa shanu da tumaki kuwa, mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 10, ya ninka sau 200 ke nan. 'Ya'yan kyanwa ba sa jure yawansa. Sai ki ga tana tangaɗi, tana karkarwa, idonta ya daina gani, ta suma. Irin kuskurena na Panadol ne dai a wata riga. Haka nan maganin kaska da ƙuma da aka yi don karnuka, akwai masu ɗauke da sinadarin da yake sa kyanwa farfaɗiya. Fiya-fiya kuwa ba sai na faɗa ba, wanda muke yayyafawa a ɗaki mu rufe ƙofa mu manta kyanwa tana ƙarƙashin gado. Abin da zai taɓa ta a nan, yaron da yake rarrafe ma bai tsira ba.

Magana mai ɗaci ita ce, idan tsutsar zuciya ta riga ta girma a jikin kyanwa, babu maganin da aka amince da shi na kashe ta. Kare yana da allurarsa, amma ita wannan allura guba ce ga kyanwa, kuma kashe tsutsar farat ɗaya shi ne ma abin da ake tsoro, saboda gawarta. Gano ta ma aiki ne. Gwajin jini guda yana ganin babbar macen tsutsa ne kawai, to in namiji ne a ciki ko ba su gama girma ba, sai ya nuna babu komai. Sai an haɗa da wani gwajin, da hoton ƙirji, wani lokaci da na'urar duba zuciya, irin kayan da sai manyan asibitocin koyarwa na dabbobi kamar na Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da likita yake yi shi ne ya ba da maganin rage kumburin huhu, ya lallaɓa ta har jikinta ya gama da tsutsar da kansa, kuma da yawa sukan warke a haka.

Rigakafi kam akwai. Magani ne na wata-wata, wani a ba ta ta baki, wani a ɗiga mata a bayan wuya inda harshenta ba ya kai wa, ana farawa tun tana sati shida zuwa tara gwargwadon irin maganin. Yana kashe 'ya'yan tsutsar tun suna hanya kafin su isa huhu, kuma wasu daga ciki suna haɗawa da ƙuma da tsutsar ciki. Amma ba zan yaudare ki ba. Ba a kowane shago ake samunsa ba, kuma ba shi da araha. Matar da take lissafin kuɗin cefane da na makarantar yara, ban isa in ce mata ta ware kuɗin maganin kyanwa duk wata ba, kuma ban ga laifinta ba in ta fifita ɗanta. Wadda Allah ya hore wa, ta nemi likitan dabbobi ya auna nauyin kyanwar ya zaɓa mata. Wadda ba ta da hali, akwai abin da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne ya fi amfanar gidan gaba ɗaya.

Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana bakwai zuwa goma yake yi a lokacin zafi, kuma duk a cikin ruwa. Fadama ta fi ƙarfinmu, amma tsakar gida tamu ce. Da na zagaya nawa gidan da idon basira, kunya ta kama ni. Tsohuwar tayar mashin a bayan bayi cike da ruwa. Kaskon ruwan kaji da ake ƙara wa ruwa kullum ba a taɓa juye shi ba. Randa biyu ba murfi. Fasasshiyar roba a kan rufin akurki. Kwatar da take fita waje ta toshe da leda, ruwan wanke-wanke ya taru ya yi baƙi. A cikin kaskon kajin nan na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil da idona, na kira yara na nuna musu, don da yawansu sun ɗauka wasu ƙananan kifaye ne. Idan ana juye irin waɗannan sau ɗaya a mako ana wanke su, sauron ba ya samun kwanakin da zai cika. Ita kuma kyanwa, daga magariba zuwa wayewar gari ta kwana a ɗaki mai raga a taga, ba a rumfa ba. Yara kuwa gidan sauro, kowane dare, ba sai da damina kaɗai ba. Gidajen sauron da aka raba mana, nawa ne suka koma shingen lambu da ragar rufe tattasai?

Kafin in manta, tsutsar cikin da ƙanin maigidana ya ambata ta fi tsutsar zuciya yawa nesa ba kusa ba, kuma ita ce ma ta fi shafar yaranmu kai tsaye. 'Ya'yan kyanwa sukan sha ta a nonon uwarsu, shi ya sa za ki ga ɗan kyanwa da ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Ƙwanta yana fita a kashi, kyanwa kuma ta binne a yashi, yashin da yaro yake zama a kai yana wasa yana kai hannu baki. Ƙwan yakan yi makonni a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, don haka kwashe kashin da wuri yana yanke hanyar. Maganinta yana da sauƙin samu da sauƙin kuɗi a wurin likitan dabbobi, ana farawa tun suna sati uku. Mai juna biyu dai kada ta kwashe kashin kyanwa da kanta, saboda wata cuta daban da take iya taɓa ɗan da ke ciki. Ta sa wani ya yi, in kuma ba kowa ta sa leda a hannu ta wanke da sabulu.

A aji na taɓa karantar da 'yan matana hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, da kuma ruwayar da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, inda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma sanar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce. Na sha karantar da su, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ɗura wa dabba abin da ban san aikinsa ba yana cikin abin da ya kamata in ji tsoro ba. Niyyata a kan tsohuwar kyanwar nan tausayi ce, ina kuma fatan Allah ya yafe mini. Amma tambaya ɗaya da na yi kafin in daka ƙwayar nan da ta wadatar.

Ita 'yar farar tamu, ranar Asabar maigida ya sa ta a kwali muka huda masa ƙofofin iska, ya kai ta wurin likitan dabbobi a Birnin Kebbi, yarinya ta ce ƙafarta ƙafarsa. Likita ya buɗe bakin kyanwar ya haska, babu ƙaya babu alamarta. Ya saurari ƙirjinta, ya ɗora ta a sikeli, ya ba ta maganin tsutsar ciki daidai nauyinta, ya kuma rubuta na rage kumburin huhu wanda za a riƙa ragewa a hankali, ya ja kunne kada a tsayar da shi rana ɗaya. Ya ce duk ranar da aka ga tana numfashi baki buɗe kamar kare, ko harshenta ya yi shuɗi, a kawo ta a lokacin, kada a jira gari ya waye. Kyanwa mai lafiya ba ta haki da baki a buɗe.

Yau sati uku ke nan. Tarin ya ragu sosai, sai jefi-jefi da asuba. Yarinya ta ɗaukar wa kanta aikin zagaye gida duk ranar Juma'a da safe tana juye duk abin da ya tara ruwa, har takan tsallaka gidan Inna ta kifar mata da kaskon kaji, su yi ta faɗa. Ita dai Inna har gobe tana nan a kan bakanta. Shekaranjiya ma ta ce mini, "Ku dai kun kashe kuɗinku a banza, 'yar nan. Ƙayar ce ta faɗa da kanta."

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.